An ƙi duba ƙanina sai an biya kuɗi, akwai doka kuwa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ƙanina kurma ne, gyaran takalmi yake yi. Babur ya buge shi muka kai shi wani asibitin gwamnati, aka ce sai mun ajiye kuɗi kafin a taɓa shi. Kuma babu mai fassara maganar hannu ko ɗaya. Ina za mu kai kuka?

Baban Sadik: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Sun karya doka. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa. Hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun.

Ummi: Ga kuma dokar hana wariya ga masu nakasa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta wajabta wa asibitin gwamnati samar da hanyar fahimtar kurame. Aiwatarwa ce dai ta gagara.

Baban Sadik: Ki rubuta ƙorafi ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, kyauta ne. Ki adana katin asibiti da rasit, ki rubuta ranar da lokacin.

Maman Ilham: Na gode, Malam. Rasit ɗin na nan cikin jakata.