Allurar Botox a fatar ido, akwai wanda ya taɓa yi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Idanun mahaifiyata kan rufe da kansu gam, sai ta sa yatsa ta buɗe kafin ta zuba shayi. Likita ya ce allurar Botox. Ba ta gyaran fuska ba ce? Guba fa aka ce!

Ɗan Tsoho: Hajiya, kwantar da hankali. Tun 1989 aka amince da ita a Amurka don wannan ciwon da kuma harara-garke, kwalliyar daga baya ta biyo. Ɗan ƙanƙani ake sawa, ya sassauta naman da ke matsewa.

Malama: Ni ana yi min. Bayan kwana uku na ji sauƙi, amma wata uku ya dawo, sai an sake. Karon farko fatar idona na hagu ta sauko, ta yi mako biyu kamar mai gyangyaɗi. Allah ya ba Mama lafiya.