Sherwani na ango: wane yadi ya dace, kuma yaya ake adana shi?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina zai angwance a Haidarabad ta Indiya a watan Disamba, dangin amarya kuma sun ce sherwani suke so ya saka. Wane yadi ya kamata a saya, mita nawa, kuma yaya za a adana shi idan an dawo da shi gida?

Tela Mai Almakashi:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Sherwani doguwar kwat ce mai maɓallai a gaba, wuyanta a tsaye, tana sauka ƙasa da gwiwa kaɗan. Ana saka ta a kan riga mara nauyi da suke kira kurta, da wando churidar. Haidarabad ma gidanta ce, tun zamanin sarakunan Nizam.

Ga mutum matsakaici, sai a nemi mita uku da rabi zuwa huɗu na yadi mai faɗin inci 44, da kamar mita uku na shafi. In yadin mai manyan furanni ne a ƙara rabin mita, domin dole zanen ɓangaren dama ya haɗu da na hagu a layin maɓallai. Nan ake gane gwanin tela.

Kafaɗa ita ce komai. Ƙugu da hannu ana rage su, amma kafaɗar da ta yi faɗi sai an warware rigar gaba ɗaya. A yi awo yana sanye da kurtar da zai saka, a bar wurin yatsa biyu a wuya, sannan ya zauna ya gwada kafin a gama. Idan tsakanin maɓallai ya buɗe a zaune, ƙirji ya matse. Shi kuwa churidar a karkace ake yanka shi don ya riƙa miƙewa, kuma da gangan ake sa ya fi ƙafa tsawo ya tattare a idon sawu. Kada a bari wani ya datse shi wai ya yi tsawo.

Alhaji Na-Kwari:
Malam Abban Sadik, Disamba lokacin sanyi ne a can, shi ne ma tsakiyar kakar bukukuwansu, saboda haka a ba da ɗinki da wuri, ko da wata biyu ne. Mai tsada shi ne saƙar birnin Banaras, siliki da aka saƙa da zaren zari mai ruwan zinariya. Ɗanyen siliki ya fi sauƙin kuɗi, ya fi karɓar aiki, ni shi nake ba da shawara. Karan-miski yana da kwarjini da dare, sai dai da an dawo Kano zufa ba za ta bari a sake saka shi ba.

A kula da jabu. A zare zare ɗaya daga bakin yadin a ƙona: silikin gaske warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa, na roba narkewa yake ya dunƙule. A duba kuma alamar Silk Mark, tambarin da ke shaida silikin gaske a Indiya. Idan yadin ya cika ado, a rage aikin zardozi, wato surfani da zaren zari, zuwa wuya da bakin hannu kawai. Launin madara ko ruwan zinariya ya fi yawa ga anguna, rawanin da suke kira safa kuma a daidaita shi da kayan amarya, don haka a tambayi danginta kafin a saya.

Maman Hanifa:
Yaya, ni turare zan ja kunne a kai, don mu mutanen turare ne. Kada a fesa shi a kan zari, kada a shafa na mai a jikin siliki. Zari yakan yi baƙi, mai kuma ya bar tabon da ba ya fita. A shafa a jiki, a bari ya bushe, sannan a saka kaya.

Ba a wanke sherwani da ruwa, domin yadin waje da shafi da abin da aka ƙarfafa ƙirji da shi ba sa tsukewa daidai, sai rigar ta kumbura ta karkace. A shanya ta a inuwa kwana ɗaya zufa ta fita, a kai wa masu wankin sinadari, a nuna musu wurin aikin. Guga ta baibai, wuta ƙasa-ƙasa, da ƙyallen auduga a tsakani. Karan-miski kuwa tururi kawai.

Wajen ajiya, a cire ta daga ledar masu wanki, don leda tana riƙe laima ta kawo fumfuna da damina. A naɗe ta cikin farin ƙyallen auduga marar sitati. Mai nauyin aiki a kwantar da ita, rataya tana jan kafaɗa. Mara nauyi a sa mata hanga mai faɗi. Kafur kada ya taɓa zari, gara busasshen ganyen darbejiya a ƙulle a tsumma. Duk bayan wata uku ko huɗu a fito da ita ta sha iska a sauya linki, in ba haka ba zarin yakan karye a kan layin da aka daɗe da ninkewa.