Sarautar Baronet: saya ake yi ko gado?

Ɗan Birni: Abin na ba ni haushi. Mu ake yi wa gori wai muna sayar da rawani, alhali Turawan Ingila tun 1611 suke sayar da sarauta da kuɗi hannu. Ku duba gidan Dunbar a Sikotlan: Dunbar na Mochrum 1694, na Northfield 1700, na Hempriggs 1706, duk suna ɗaya, kowa da nasa "Sa". In ba kasuwa ba mece ce wannan?

Malam Tanko: Kuɗin gaskiya ne. Sarki James na Ɗaya na Ingila ya ƙirƙiro baronet, wato laƙabin "Sa" da ake gada, a 1611, ya sa masa fam 1,095. Lissafin shi ne ciyar da soja 30 a Ulster, arewacin Ailan, shekara 3, kowane soja kwabo 8 a rana. Kwabo 240 ne fam ɗaya, ka buga za ka samu 1,095 cif. Amma kalmar "sarauta" ce ban yarda da ita ba. Baronet ba shi da gari, ba ya yanke hukunci, ba ya zama a majalisar dattawan Birtaniya. Talaka ne mai laƙabi.

Ɗan Birni: Malam, to Sarkin Dawaki nawa ne a yau suke da doki?

Hajiya Binta: Ranka ya daɗe Malam, abin da ɗa ke gada daga uba da takardar sarki, sarauta ne. Wanda ba a gada shi ne na Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Sa Ahmadu Bello ya samu nasa a 1959, Sa Abubakar a 1960, kuma lambar girma ce da ta ƙare da rayuwarsu. Baronet kuwa ana ƙara masa Bt bayan suna, matarsa Ledi, babban ɗansa ya ɗauka.

Na Zazzau: Gwamna Lugga ma ai baronet ne.

Malam Tanko: A'a. Baron ne, 1928, mataki na sama, mai kujera a majalisa. Ya mutu 1945 ba ɗa, muƙamin ya bi shi.

Na Zazzau: Harafi biyu ne tsakaninsu, kada a cika mu da iyayi.

Hajiya Binta: Kuma "ɗauka" ba kai tsaye ba ne. Tun 1910 akwai rajistar hukuma. Magaji zai kai wa magatakarda takardun haihuwa, aure da mutuwa, da rantsuwa a rubuce cewa babu wani namiji da ya gabace shi. A tura wa masu binciken nasaba, na Landan ko na Edinbara. In shekara 5 ta wuce ba wanda ya tabbatar, sai a ce muƙamin ya kwanta. Inda ake faɗuwa shi ne reshen da ya yi hijira Ostireliya ko Kanada: sai ka nuna babban wa bai bar ɗa namiji ba, takardun kuwa sun ɓata. Suna ɗaya ba ya ba ka komai. Kowane muƙami da takardarsa da layin gadonsa.

Yaya Sale: Gidan Pringle ya isa misali. Na Stichill an kafa shi 1683. Likita John Pringle, ɗan wannan gidan, ya samu nasa daban a 1766, ya mutu 1782 ba magaji, nasa ya mutu, na gidansu ya ci gaba. Sa Steuart Pringle, mai riƙe da na Stichill, ya rasu a 2013, gwajin DNA kuma ya nuna mahaifinsa ba jinin baronet na 8 ba ne. A 2016 alƙalan majalisar mashawartan Sarauniya suka hana ɗansa Simon, suka ba Murray Pringle, jikan baronet na 8.

Na Zazzau: Zalunci ne wannan. Ɗa na mai shimfiɗa ne. A tono asirin tsohuwa bayan shekara ɗari?

Yaya Sale: Takardar 1683 magada maza na jini ta ambata. Ita suka bi. Kuma Sa Steuart da kansa ya bayar da samfurin.

Na Zazzau: Don neman shugaban dangi ya bayar, ba don a ƙwace wa ɗansa gado ba.

Ɗan Birni: Bari in tattara. Kowa ya amince an biya fam 1,095, Hajiya ta tabbatar sarauta ce, Malam bai kawo hujja ba. Saboda haka Turawa na sayar da sarauta.

Malam Tanko: "Na sayarwa" ko "sun sayar"? Tun 1964 sau ɗaya aka ƙirƙiri sabo, na Denis Thatcher, mijin Firayim Minista Margaret Thatcher, a 1990, wanda ɗansa Mark ya gada a 2003. Nawa ya biya?