Wurin cin abincina ya yi ƙunci, yaya zan yi ya yi kyan gani?

Uwargida daga Jidda: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema don Allah. Tun rusau ɗin unguwanni da aka yi a Jidda a 2022 muka bar tsohuwar unguwarmu muka kama haya a bene. Wurin cin abincin tsawonsa mita 3, faɗinsa 2 da rabi, tsakanin kicin da falo, taga ɗaya. Maigida ya sayo tebur mai kujeru 6, ga kabet ɗin jerena maƙil da kuloli da tangaran. Mai wucewa sai ya karkace. Da azumi surukata za ta zo Umra, wurinmu za ta sauka, ina so ta shigo ta ga ɗanta cikin rufin asiri. Riyal 1,500 na tara, kuma gidan haya ne, ba damar fasa bango.

Hajiya daga Makka: Wa alaikumus salam 'yata. Ni fa teburin nan zan ce ki fitar gaba ɗaya. Na daɗe a ƙasar nan, na ci abinci a gidajen masu hali, da yawansu a ƙasa suke shimfiɗa sufra, wato shimfiɗar cin abinci, a ɗora farantin kabsa (shinkafa da nama) a tsakiya a kewaye shi. Ki sayi kafet mai kauri guda ɗaya, ki jera matasan jingina a bango biyu, ki ajiye dalla (butar gahawa) da finjalai da dabino a kusurwa. Mutum 8 za su zauna ba wanda ya taka wani. Mu da muka tashi a kan tabarma, me ya yi zafi?

Uwargida daga Jidda: Hajiya, na so hakan, amma Inna, surukar tawa, tana fama da ciwon gwiwa, ko salla a kujera take yi.

Hajiya daga Makka: Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya. To tebur ya zama dole.

Kafinta daga Madina: Hajiya, a gafarce ni in sa baki, sana'ata ce. Kujera tana son wajen santimita 90 a bayanta kafin mutum ya ja ta ya tashi cikin sauƙi. Faɗin ɗakinki 250. In tebur ya ci 90, saura 160 a raba gefe biyu, ga kabet kuma ya ci nasa. Lissafin ba zai taɓa fita ba. Ki sa teburin a Haraj, manhajar saye da sayarwa, ki sayar, ki nemi mai tsawon 120 da faɗin 80. Gefe ɗaya a yi miki benci a jikin bango, tsayinsa 45, mai murfi, kuloli su shige ciki. Ɗaya gefen kujeru 2, ta Inna ta kasance mai hannu don ta dafa ta miƙe. In kin leƙa kasuwar Sawarikh da ke Jidda za ki iya dacewa da teburin katako na hannu mai kyau. Ki duba ƙafafun, ki girgiza shi kafin ki biya. Kada ki ɗauki mai saman gilashi in akwai yara.

Anti daga Riyad: Ƙanwata, kabet ɗin nan ne ciwon. Na san jere abin alfaharinmu ne, iyaye sun sha wahala kafin su haɗa, ni ma sai da na yi hawaye ranar da na kwashe nawa. Amma a ɗan wuri, kaya da yawa kamar shago suke mai da ɗaki. Ki zaɓi uku ko huɗu da kika fi ƙauna ki ɗora a kanta ɗaya, sauran a adana.

Sai haske, nan nake so ki fi kashe kuɗi. In farin ƙwan nan ne mai kama da na asibiti, ko naman kaza sai ya koma fari fat a ƙarƙashinsa. Ki ce wa mai shago "asfar" kike so, wato ƙwai mai haske ruwan ɗorawa, ki duba kwalin ki ga lambar launin hasken, 2700K ko 3000K. Fitila ɗaya mai saukowa daidai tsakiyar tebur, tazararta da shi kamar santimita 80. Madubi babba a bangon da ke kallon taga. Labule kuma ki ɗaure shi daga kusa da silin ya sauko har ƙasa, rufin zai yi kamar ya ƙara tsayi. Takardar bango ki bar ta, laimar Jidda tana ɗaga ta. Ki nemi izinin mai gidan ki yi fenti ruwan madara.

'Yar Kano a Jidda: Ni abin da na yi, na sa aka taho mini da faifai guda 5 masu launi daga kasuwar Kurmi ta Kano, na maƙala a bango. Maƙwabciyata Balarabiya har tambaya ta yi a wane shago na saya. Ki roƙi Inna ta riƙo miki, ba su da nauyi, kuma za ta ji daɗi ta ga kayan gida a bangonki. Sannan kicin yana kusa, warin suya da daddawa kan kama labule. Ki riƙa rufe ƙofa in kina girki, ki sa turaren wuta bayan an kwashe kwanuka.

Uwargida daga Jidda: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maigida, ya yarda a sayar da teburin. Kabet ɗin zan mayar ɗakin kwana, ban iya rabuwa da shi ba tukuna. Malam, bencin nan tsawon nawa zan ce a yi?

Kafinta daga Madina: 140 ya isa, mutum biyu da yaro. Ki ce a sa soso mai tauri, da yadin da ake cirewa a wanke.