Neman shawara: tsofaffin injinan share kafet sun sauya kala, ta ina zan fara?

Mai tambaya, daga Kaduna:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin kayan lantarki. Injinan share kafet guda biyu ne a hannuna. Na farko Hoover Junior ne, irin mai fitila a goshi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya zo da shi daga Ingila a ƙarshen shekarun 1970 da ya dawo karatu. Da shi ake share falonmu har muka girma, daga baya aka kai shi sito mai rufin kwano, ya fi shekara 20 a can. Murfinsa na roba da na sani fari ne mai ɗan ruwan madara, yanzu ya koma rawaya, kusa da fitilar kuma ya yi ruwan ƙasa sosai. A gefe akwai wasu layuka kamar an ɗora masa ƙarfe mai zafi, daidai inda aka nannaɗe wayar wuta. Sandar riƙonsa ta yi ɗigo-ɗigon tsatsa.

Na biyun Kirby Heritage II ne, a wurin masu kayan gwanjo na saya. Jikinsa ƙarfe ne, ya dusashe ya yi toka-toka. Na goga masa ruwan bilicin wanki a gefe ɗaya, sai wurin ya ƙara duhu, shi ya sa na tsaya. Na Baba ne ya fi damuna. Ba sayarwa zan yi ba, so nake mahaifiyata ta gan shi yadda ta san shi. Me zan shafa?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, tukuna kada ka shafa komai. Abin da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne, na ƙirga biyar, kowanne da maganinsa, kuma maganin wani guba ne ga wani.

Fara da kwance murfin ka juya cikinsa. Inda haske da hannu ba sa kaiwa, nan za ka ga kalar asali. Sannan ka sami ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka da farin tsumma, ka goge wuri kaɗan ta waje. In tsumman ya ɗauko ruwan ƙasa, wurin ya yi haske, to dauɗa ce: ƙurar hunturu da hayaƙi da maiƙon girki da suka daskare. Wanki kawai take so, da tsohon buroshin haƙori a lunguna. In ka wanke tas amma rawayar tana nan sumul kamar da ita aka yi shi, to robar ce kanta ta sauya. Yawancin kayan wancan zamani da robar ABS aka yi su, ita kuwa iska da zafi da hasken rana suna cin fatarta a hankali har ta yi rawaya. Ko a duhu tana yi in akwai zafi, kuma ka san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu.

Ƙarfen kuma ka sa masa maganaɗisu. Sandar Hoover in ta kama, ƙarfe ne da aka yi wa rufin kurom. Jikin Kirby ba zai kama ba, alminiyam ne.

Ɗan Sabon Gari:
Oga ka sami fetur ko tina ka goge robar, minti biyu ta yi fari. Haka muke yi wa kayan babur.

Mai Gyaran Rediyo:
Don Allah kada ka yi wannan. Tina da ruwan goge jan farce suna narkar da ABS nan take, fatar ta yi danƙo, shatin yatsanka ya zauna a jiki har abada. Fetur ma yana kashe ƙyallinta, yana iya sa ta tsattsage. Kuma rawayar ba a sama take ba balle a goge ta.

Baban Ƴan Biyu:
Ni kan Kirby zan yi magana, na taɓa gyara irinsa. A Kilibiland ta jihar Ohayo a Amurka aka riƙa yinsu, wannan samfurin naka kuma a 1984 ya fito. Abin da ya sa mutane ke tara su shi ne wannan jikin alminiyam ɗin, in ya sha goga har fuskarka za ka gani.

Duhun da bilic ya jawo maka, tambayi duk matar da ta taɓa dafa wake da kanwa a tukunyar sanholo, za ta ce maka cikin tukunyar baƙi yake yi. Alminiyam ba ya shiri da kanwa, toka, bilic, ko sodar yin sabulu. Sodar ma cinye shi take yi. Sa'arka ɗaya tabon a sama yake.

Ka wanke wurin da ruwa mai yawa ya bushe. Ka nemi man goge ƙarfe irin Autosol a wurin masu kayan mota, ka ɗiba kaɗan a tsumman auduga ka riƙa murzawa. Tsumman zai yi baƙi ƙirin, kada ka tsorata, haka ake so. Ka canza wani ka ci gaba. In akwai ƙarzuwa ko ƙananan ramuka, man kaɗai ba zai fitar ba, sai samfefar ruwa: ka fara da lamba 800, ka koma 1000, 1500, 2000, kana jiƙawa, kada ka tsallake ko ɗaya, sannan man. Soson waya na wanke tukunya kuwa ka nisance shi, zanen da zai bari sai ka kwana biyu kana bi. Aikin na cin lokaci, ni kan injin kawai ya ci min yammaci uku.

Abu mafi muhimmanci: duba farantin da ke jikinsa kafin ka jona. In na kasuwar Amurka ne za ka ga 120V, wutarmu kuwa 230V ce. Ba tare da tiransifoma mai rage wuta ba, kana jonawa moton zai ƙone, kuma ƙaramar ta cajin waya ba za ta ɗauke shi ba. Na Ingila ba shi da wannan matsalar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na duba, 120V ne, Allah ya taimake ni ban jona ba. Murfin Hoover kuma na wanke, dauɗa ta fita da yawa amma rawayar tana nan, cikinsa kuwa fari ne. Ke nan robar ce. Akwai yadda ake dawo da ita?

Hajiya Mai Saloon:
Akwai, ƙanena, kuma maganin a shagona yake. Man da muke haɗawa da rinin gashi, wanda ake cewa dibelofa, haidurojin feroksaid ne, irin wanda ake wanke ciwo da shi amma ya fi ƙarfi. Mai lamba 20 kashi 6 cikin 100 ne, mai lamba 40 kashi 12. Ɗana ya taɓa gyara tsohon kibod ɗin kwamfuta da shi a gabana. Ana shafawa, a rufe da leda marar kala, a sa a rana. Amma ka sa safar hannu ta roba da tabarau. Mai lamba 40 in ya taɓa fata fari take yi tana zugi, ido kuwa ba a magana. Ka kawar da yara daga wurin.

Injiniya:
Hajiya ta faɗi daidai. Masu tara tsofaffin kwamfutoci ne suka yaɗa dabarar, sunanta Retrobright. Sai dai ranarmu ba irin tasu ba ce. In ka shafa man ka ajiye a tsakar gida da azahar, wani wurin zai bushe kafin wani, leda ta manne nan ta ɗaga can, murfin ya fito da zane-zane kamar jikin damisa, kuma wannan ya fi rawayar muni don ba ya gyaruwa. Zafin ma yana iya lanƙwasa robar.

Abin da na fi amincewa da shi: feroksaid mai ruwa-ruwa na kemis, kashi 3 ko 6. Ka zuba a roba mai garai-garai, ka nutsar da murfin gaba ɗaya, ka danne shi da kofin gilashi don kumfa za ta riƙa taso da shi. Rana ta hantsi ta isa. Duk minti 30 ka juya shi, ka fito da shi ka gwada da kalar ciki. Da ya kusa kaiwa ka tsaya, in ya wuce zai yi fari fat kamar alli. Ka ɗauraye sosai. Kafin nan ka cire duk wata ƙusa da ƙarfe da tambarin Hoover, kuma kada ka sa ɓangaren da yake da kala, ja ko shuɗi, kodewa zai yi. Gwajin farko ka yi shi da ƙaramin yanki da ba a gani.

Sandar kurom mai sauƙi ce: takardar alminiyam ta naɗe abinci, ka dunƙule ka jiƙa da ruwa ka goga a hankali, ka busar, ka shafa ɗan mai.

Biyun da suka rage ba su da magani. Ruwan ƙasan gefen fitila ƙuna ce, zafin ƙwan ne ya gasa robar shekara da shekaru. Layukan nan kuma wayar ce ta yi su: sinadarin da ke sa robar waya ta yi laushi yana tsatsafowa, in ta daɗe manne da ABS sai ya narka wurin. Nan gaba ka sa wayar a jakar yadi. Ita kanta wayar in ta yi danƙo ko ta bushe tana fashewa, a canza ta kafin a kunna.

Alhaji Mai Agogo:
Yaro, ni shekarata 40 ina taɓa tsofaffin kaya, bari in faɗi nawa. Feroksaid yana aiki, ban musa ba. Amma rawayar tana dawowa, wani lokaci cikin ƴan shekaru, ko da a kwali ka ajiye. Roba mai kusan shekara 50 kuma ta riga ta yi rauni, kunnuwan da ke riƙe murfin suna karyewa a wurin kwancewa da mayarwa, kuma ba shagon da za ka je ka sayo wani. Kirby ka goge shi son ranka, ƙarfe ne, yana da haƙuri. Na mahaifinka kuwa da ni ne, wanki da ɗan man ƙyalli na mota zan tsaya a kai. Ka tambayi Hajiyarku tukuna, wataƙila ita ƙarar sa take son ji, ba farinsa ba.

Mai tambaya:
Ranka ya daɗe Alhaji, na kai mata shi yadda yake bayan wankin. Ta shafa wurin ƙunar nan ta ce tun Baba na raye ya fara yin haka, kada in taɓa. Don haka murfin zan bar shi. Akwai ƙaramin marfi a ƙasa da shi ma ya yi rawaya, a kansa zan gwada na kemis ɗin yadda Injiniya ya ce. Sandar ta riga ta fito fes. Mai Gyaran Rediyo, wayar ta fashe a wuri biyu, wace iri zan saya?

Mai Gyaran Rediyo:
Kada ka yanke ta ka yi ɗori, a canza gaba ɗaya. Ka tafi da tsohuwar kasuwa a ba ka mai kauri ɗaya da yawan silin ciki ɗaya. Tunda za a buɗe, a duba kabon ɗin moton da bel, bel ɗin da ya shekara 20 a sito ba zai yi minti biyar yana juyi ba.