Unguwar kimiyya a Zariya: ita ce za ta jawo jari, ko sai jarin ya zo tukuna?

Injiniya: Assalamu alaikum. Maganar da na yi jiya ina nan a kanta. Da za a ware fili kusa da Samaru, a kai masa wuta da ruwa da intanet, a ce nan ce unguwar kimiyya da ƙere-ƙere, a sauƙaƙa wa kamfanoni haraji su zauna kafaɗa da kafaɗa da jami'a, cikin shekara ashirin sai tattalin arzikin Kaduna da Kano ya canza. Haka Taiwan ta yi. A 1980 ta buɗe irin wannan unguwa a Hsinchu, kusa da manyan jami'o'inta biyu na kimiyya, kuma yau can ne hedikwatar TSMC, kamfanin da ya fi kowa a duniya buga wa wasu kamfanoni ƙwaƙwalen na'urori.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam Yaya. Wato aisi, ƙananan ƙwaƙwalen waya ɗin da muke cirewa muna mayarwa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da yawansu daga can suke. Ni dai ina bayanka.

Malama: Injiniya, ka fara labarin daga tsakiya. Shekara bakwai kafin a buɗe Hsinchu, a 1973, gwamnatin Taiwan ta kafa cibiyar binciken masana'antu da ake kira ITRI. A 1976 aka tura matasan injiniyoyi zuwa kamfanin RCA a Amurka, suka koyo aikin ƙera ƙwaƙwalen na'urori da hannunsu, suka dawo suka kafa ƙaramar masana'antar gwaji. Daga cikin wannan cibiya kamfanin UMC ya fito a 1980, TSMC kuma a 1987, inda gwamnati ta zuba kusan rabin jarin, Philips na ƙasar Holan ya zuba wani kaso. Sun zaɓi abu guda da za su ƙera, suka tanadi masu ƙera shi, sannan suka ba su mazauni. Kai kuma da mazaunin kake so mu fara. Wannan riga malam masallaci ne.

Injiniya: Na yarda da tarihin, Malama. Amma ai mutanen muna da su. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962. Ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da asalinta ya koma 1922, ga ta kiwon dabbobi a Shika, ga ta fasahar fata, ga ta sinadarai a Basawa, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Wane gari ne a Arewa ya tara haka? Abin da ya rage shi ne wurin da mai bincike da mai kuɗi za su haɗu.

Alhaji Mai Fata: Yaro na, bari in sa baki. Shekara talatin ina harkar fata tsakanin Sharaɗa da Challawa. Abin da ya karya mu wuta ce. Ganga tana juyawa da fata a ciki, magani ya fara kama ta, sai a ɗauke wuta. In ba ka tada janareta nan take ba, ka yi asarar kayan. Kuɗin dizal ya cinye ribar, shi ya sa yawancinmu muke jeme ta rabi mu tura Italiya da Sifen, su ƙarasa, su ɗinka jaka da takalmi, su sayar da tsadar da ba za mu taɓa gani ba. Ka ce mini a unguwar taka wuta ba za ta ɗauke ba, gobe zan kwashe injinana in koma. In kuwa ginin gilashi ne da allon suna a ƙofa, mun ga irinsu.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ai hujjata ke nan ka kawo. Ba za mu iya gyara wutar ƙasa gaba ɗaya a shekara biyar ba, amma za mu iya ba fili guda tashar wutarsa. In bututun gas na AKK da aka fara a 2020, daga Ajaokuta ya bi Kaduna zuwa Kano, ya fara kawo gas, wannan ba mafarki ba ne. Amfanin tara kamfanoni wuri ɗaya ke nan: wuta ɗaya, matatar ruwan datti ɗaya, ɗakin gwaji ɗaya da ba wanda zai iya saye shi kaɗai.

Alhaji Mai Fata: To wannan ai rukunin masana'antu ka faɗa, irin Bompai da Sharaɗa. Ina kimiyyar a ciki?

Malama: Tambayar Alhaji ita ce gaɓar. Bambancin shi ne a unguwar kimiyya mai jima zai shiga ɗakin gwaji da matsalarsa, a zauna a kanta har a warware, ya biya, ɗalibin da ya yi aikin ya samu gurbi a kamfaninsa. Wannan hulɗa ce, kuma ba gini ke kawo ta ba. Ni malamar jami'a ce, zan faɗi laifinmu: ƙarin girmanmu yana tafiya ne da yawan muƙalun da muka buga, ba wanda ke tambayar ko wata masana'anta ta yi amfani da su. Sai ka ga bincike mai kyau a kan jima ko adana tumatir ya ƙare a kan kanta. Inda hulɗar ta yi aiki kuwa an gani. Irin masara da wake da dawa da Samaru ke fitarwa, masu sunan SAMMAZ da SAMPEA da SAMSORG, sun isa gonaki ne saboda akwai kamfanonin iri da suka ɗauka suna ninkawa suna sayarwa. Babu wanda ya kewaye musu fili.

Hajiya 'Yar Kwari: Ni abin da ke damuna kuɗin ne. Ku dubi Kenya. Tun Janairun 2013 Shugaba Kibaki ya aza harsashin birnin fasaha na Konza, eka 5,000, kilomita sittin da wani abu daga Nairobi. An yi tituna, an yi wasu gine-gine, amma aikin ya yi ta jan ƙafa, kuma matasan da suka sa aka san Kenya da fasaha suna cikin Nairobi abinsu. M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta wayar salula, tun 2007 ta fito, babu Konza a lokacin. Haka Yaba a Legas: cibiyar matasa masu fasahar zamani ta CcHUB ta buɗe a 2011 a cikin gini na haya, kusa da jami'a da kwalejin fasaha, aka ja wayar intanet mai ƙarfi a unguwar, matasa suka taru da kansu, har Mark Zuckerberg mai Facebook ya je a 2016. Ba a kashe biliyoyi wajen share daji ba.

Injiniya: Hajiya, Konza ba ta ƙare ba balle a yanke mata hukunci. Unguwar bincike ta Arewacin Karolina a Amurka an kafa ta a 1959, jihar na cikin matalauta, taba da masaƙa da kujeru ne arzikinta, kuma ɗaliban jami'o'inta uku suna gamawa suna barin jihar. Shekarun farko filin kusan fayau yake. Sai a 1965 kamfanin kwamfuta na IBM ya zo, sannan wasu suka biyo. Da sun karaya a shekara ta huɗu, da yanzu misalin asara ake bayarwa da su. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hajiya 'Yar Kwari: Ƙanena, su gwamna ya sauka, wani ya hau, shirin bai tsaya ba. Mu nan wa zai riƙe shi shekara shida babu riba, bayan wanda ya aza harsashin ya tafi?

Baba Tsohon Masaƙa: Jama'a, na karanta duka. Na yi aiki a masaƙa a Kakuri ta Kaduna lokacin da in an tashi daga aiki titi ba ya biyuwa saboda kekuna. Auduga tamu ce, daga Funtuwa da Gusau. Da aka rufe, injinan da muke aiki da su sun tsufa, atamfar waje ta cika kasuwa, ga tsadar baƙin mai. A duk shekarun nan ban taɓa ganin wani daga jami'a ya shigo ya duba abin da ke damun zarenmu ba, kuma Zariya ba ta fi tafiyar awa ɗaya da kaɗan ba. Shi ya sa nake ganin Injiniya yana da gaskiya a wuri guda: nisa yana da tasiri. Wanda kuke cin abinci a rumfa ɗaya shi kake gaya wa matsalarka.

Mai Gyaran Waya: Baba, haka yake a wurinmu. Duk abin da na iya, a shagon maƙwabci na gani. To amma in an gina wurin, irinmu da ba mu da digiri za a bari mu shiga?

Malama: Ya kamata, kuma da ku ya kamata a fara. Injiniya, ga abin da zan iya sa hannu a kai: a zaɓi fata kaɗai. A gyara ɗakin gwaji guda da ake da shi, a ba shi wutar sola da ba ta yankewa, majema biyar su sa kuɗinsu, a ba shi shekara uku ya kai fatarmu matakin da mai ɗinka takalmi zai saya kai tsaye. In ya yi, filin da kake so masu jari ne za su roƙa.

Injiniya: Shekara uku ta yi kaɗan, kuma ban janye maganar filin ba. Amma in Alhaji zai zama ɗaya daga cikin biyar ɗin, zan rubuta tsarin.

Alhaji Mai Fata: Rubuta ka kawo mini Sharaɗa ranar Asabar bayan la'asar. Shafin farko ya zama na wuta, da nawa za ta ci a wata.