Mun kira 'yan jarida ranar gwajin yara, ko mutum guda bai leƙo ba

Malamin Kimiyya: Salamu alaikum jama'a, ku bari in amayar da abin da ke cina. Ranar Laraba munka yi gwajin aikin hannu na 'yan JSS3, ba na biro da takarda ba, kowane yaro shi tsaya gaban malamai ukku shi nuna abin da ya haɗa, shi yi bayani, a ba shi maki nan take. Wata yarinya ta zuba tsakuwa da yashi da gawayi cikin gorar roba, ta tsiyaya ruwan kwata sunka fito garau, har hedimasta saida ya miƙe tsaye. Mun kai ma wani gidan rediyo takarda, munka aje musu kujeru huɗu ƙarƙashin rumfa har fiya wata ya yi zafi, shiru. Daga baya anka ce mani wai ba mu "yi motsi" ba. Wato garin ga na Sakkwato in ba cin hanci labarin yara ba ya fita?

Tsohon Ɗan Jarida: Malam Allah shi gafarta, janye kalmar ga ta cin hanci. Kuɗin mai daban, cin hanci daban. Tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 kana son ɗan rahoto shi taso daga Gawon Nama zuwa Mabera da aljihunshi?

Maman Ummi: Kuɗin mai sunan yanka, cin hanci sunan rana. Duk mutum guda ne.

Tsohon Ɗan Jarida: Hajiya kin taɓa shiga ɗakin labarai?

Maman Ummi: Ban taɓa shiga mahauta ba amma na san warin jini.

Ɗalibin Danfodiyo: Ai ƙa'idojin aikin jarida da anka amince da su a Ilorin 1998 sun hana ɗan jarida neman ko karɓar wani abu don shi buga labari ko shi danne shi. Mu anka koya muna haka.

Tsohon Ɗan Jarida: Yaro gama karatu tukun, ka yi wata ukku albashi bai shigo ba, sannan ka dawo mu yi zancen Ilorin.

Anti Mai Makaranta: Ni dai tambaya, yaushe kunka kai takardar? Don mu da munka yi namu, mako guda kafin ranar na kai da hannuna wajen editan labarai, ban bar ta wurin maigadi ba, na rubuta abin da za su gani da ido, na sa ƙarfe goma na safe don su samu haɗa rahoto kafin labaran yamma. Na tanadi yara biyu masu baki da iyayensu sunka yarda a ɗauke su. Kuma kafar yaɗa labarai ba guda ba ce, ga Rima Radiyo da RTV, ga NTA, ga Vision FM, ga Garkuwa FM. Wanda bai zo ba ka tura mashi bidiyon minti ɗaya ta WhatsApp da sunan aji da abin da anka auna.

Malamin Kimiyya: Talata da yamma munka kai.

Maman Ummi: Anti ke makarantar kuɗi gare ki, faɗi gaskiya nawa kika sa a ambulan?

Anti Mai Makaranta: Abin da na biya kuɗin talla ne, a ofishin kasuwanci, da rasiɗi. In kana son a ambaci sunan makaranta sau biyar a ce ana ɗaukar sabbin ɗalibai, wannan talla ce, ka biya.

Bakano a Sakkwato: To ai shi ma Malam tallar yake so, kawai kyauta yake nema.

Malamin Kimiyya: Makarantar gwamnati mi za ta tallata? Aji guda yara sun fi benci yawa.

Baban Sadiq: Kai Bakano kullum sai ka sa muna baki, nan ba Kantin Kwari ba ne.

Bakano a Sakkwato: Shekarata goma sha biyu a Runjin Sambo, 'ya'yana "munka" suke cewa, me kuma ya rage?

Baban Sadiq: Saura kai ka bar cewa "me".

Ɗalibin Danfodiyo: Wai ruwan da yarinyar ta tace an sha? Don yashi da gawayi datti suke cirewa, ba su kashe ƙwayoyin cuta, sai an tafasa.

Maman Ummi: Dubi wanga kuma.

Admin: To ya isa, za ni rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda kalmar cin hanci ta yi nauyi kuma 'yan jarida na iya ƙoƙarinsu cikin halin da ake ciki, na san wannan don ƙanena na cikin aikin. Laifin na wanda ya kai takarda Talata da yamma ne. Malam a gyara gaba.

Maman Ummi: Wane kowa? Admin ƙirga muna su da suna.